Matacciyar Kalma a Kan Humrar Inna

Zahir, Makka
Watan Sha'aban

Zuwa ga ƙanena Mukhtaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Asma da yara. Yaya Kano, yaya aikin jami'a? Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Taha yana gaishe ka. Inna ma tana gaishe ka, ita kam ko ban tambaye ta ba na san amsar da za ta bayar.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu kamar a zamanin da. In na kira ka, ko kana aji, ko kana taro, ko layi ba kyau. In na yi maka saƙon murya, ka ji rabi ka aiko mini da hoton babban yatsa. Takarda kuwa ba a katse mata magana. Na rubuta, na ɗauki hotonta na turo maka, sai ka nemi wuri ka zauna.

Na ga hoton kwalaben da kuka yi. 'Yan mitsi-mitsi kamar ɗan yatsa, da murfi ruwan zinari, an rubuta Parvity a jikinsu. Ni Farbiti na karanta, kuma haka zan ci gaba da kiranta. Ka ce wannan ne sunan da kuka raɗa wa humrar Inna da za ku riƙa sayar wa matan Abuja. Mukhtaru, ni ma na yi sakandare a Kano kafin in biyo Inna nan, Turancina bai mutu duka ba, amma ban taɓa cin karo da wannan kalma ba. Na duba a waya. Aka ce ma'anarta ƙanƙanta. A gefenta kuma an rubuta cewa tsohuwar kalma ce, an daina amfani da ita. Wato Turawan da suka haife ta sun yi mata sutura tun zamanin kakannin kakanninsu, kai kuma malamin Turanci ka ɗauki fartanya ka je ka tono ta, ka zo ka manna a kan aikin tsohuwar da take nan da ranta, tana cin abinci tana salla.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu shi ne ya sa na ɗauki biro.

Ka ce Asma ta bi duk yadda Inna ta faɗa mata ta waya. Ta soya farce, ta daka sandal da kanumfari da mahalab, ta turara ƙullin da hayaƙi, amma ƙamshin ya ƙi fitowa irin na gida. Don haka in ba wa wani mai dawowa daga Umara bartaman ɗin Inna ya kawo muku. Haka kawai, kamar wanda ya aiko a sayo masa carbi.

Tunda ka manta, bari in tuna maka abin da kake cewa a ɗauko. Baƙar kwalbar nan mai faɗin baki, wadda nan ake ce wa bartaman, ba humra ce kawai a ciki ba, iri ne. Kaka ce ta fara haɗa shi a Umdurman ta Sudan, lokacin da suka yada zango a kan hanyarsu ta ƙasa daga Abeshe ta Chadi zuwa Makka. Duk sanda za a yi sabuwar humra sai a ɗebi kofi ɗaya daga ciki a zuba a sabuwar, in ta nuna kuma a mayar da kofi ɗaya. Shi ya sa bai taɓa ƙarewa ba, shi ya sa kuma Asma za ta kwana tana daka ba ta samu ƙamshin ba. Inna ta kai shi Kano da aka yi mata aure, ta dawo da shi nan bayan rasuwar Baba. Ba a aika shi, ba a ba ɗan saƙo. Uwa ce take zuba wa 'yarta da hannunta, a yi addu'a a shafa. In gaskiya za a bi, kai namiji ba ka da ko cokali a ciki, nawa ne ni da 'yata Rim.

Amma na ji na yarda, zan raba da kai. Sharaɗina ɗaya ne: ka zo da ƙafarka, Inna ta zuba maka.

Ka san ita ba ta da iƙama, takardar zama a ƙasar nan. In ta fita ƙasar nan ba ta dawowa, kuma ta rantse a Makka za a binne ta. Kai kana da fasfo, bizar Umara kuwa ko masu sayar da gwanjo suna samu. Rim da ka bari tana rarrafe zuwanka na ƙarshe, yanzu tana ɗakin mijinta da tsohon ciki. Idon Inna na dama yanar ido ta rufe shi, na hagu ma inuwa kawai take gani, ga suga. Ban faɗa don in tsorata ka ba. Na faɗa ne don kada wata rana ka ce ba a gaya maka ba.

Ka gaishe da Asma, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Khalida


Zahir, Makka
Goman tsakiya na Ramadan

Mukhtaru,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, yaya ibada? Ina fatan kowa lafiya. Mu ma da sauƙi, sai dai ƙafar Inna, zan zo kanta.

Na samu laccarka. Na rubuto maka cewa uwarka tana makancewa, ka amsa mini da tarihin kalma, shafi bayan shafi, har da 'yan ƙananan lambobi a ƙasa. Na karanta tas, don kada ka ce jahilci ne ya sa na ƙi ta.

Na gane daga harshen Latin ta fito, na Rumawan da. Suna ce wa ƙaramin abu parvus, ƙanƙantarsa kuma parvitas, daga nan ta gangaro cikin Turanci. Na gane tana nufin ƙanƙantar jiki, tana kuma nufin ƙarancin abu. Na ga inda ka yi wa layi, cewa malaman coci na zamanin da in za su rubuta wa babba wasiƙa ba sa cewa ni, sai su ce ƙanƙantata, kamar yadda malamanmu suke sa alfaƙiri kafin sunansu. Ka ce abin da ya ja ka ke nan, domin Inna 'yar ƙarama ce a jiki, mai ƙanƙan da kai ce, kwalaben ma ƙanana ne, komai ya zauna daidai. Madalla da ilimi. Sai dai waɗannan malaman kansu suke ƙanƙantawa, Mukhtaru. Ban ga inda ka ce sun ƙanƙanta iyayensu mata ba.

Sai hujjarka ta biyu, wadda ta ba ni dariya ina cikin azumi. Wai kunya ce ta hana ka sa sunanta, ɗa ba ya kama sunan mahaifiyarsa, bare ya buga shi a kwalba 'yan mata suna kira a kanti. To ni ma ban taɓa kama sunanta ba tun da na yi wayo. Amma matan Nijar da na Sakkwato da na Maiduguri da suke hawo mana bene duk shekara, humrar Hajja Asiya suke tambaya, Allah Ya yafe mini da na rubuta. Sunan nan ya isa Damagaram ba tare da murfin zinari ba. Kunya baki take ɗaurewa, ban taɓa jin ta ɗaure ƙafa ba. Zumunta a ƙafa take, wannan ma tsohuwar magana ce, kuma ita ba ta mutu ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da aikenka ya jawo.

Na ce ba a ba ɗan saƙo, ka rasa abin yi sai ka turo mini Malam Nasir na sashenku da ya zo Umara. Bawan Allah bai san komai ba, ya sha wuya kafin ya gano gidan, mai tasi ya yi ta zagaye da shi a Zahir. Ya zo bayan la'asar ya yi sallama a bakin ƙofa da muryarsa ta Kanawa. Inna tana zaune a tsakar ɗaki. Ka san tun shigowar watan take sa ni in shanya katifar ƙaramin ɗaki, kamar yadda take yi kowane Ramadan, wai ko Allah zai jefo ka. Tana jin sallamar ta zabura ta miƙe, matar da sai an kama ta take tashi. Tana cewa, "Ya waladi! Ɗana ne! Khalida, buɗe masa, buɗe masa!" Ta yi karo da teburin gahawa, gefensa ya yanke ta a ƙwauri.

Da ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta kama fuskarsa tana shafawa, sai ta saki. Ta ce masa marhaba, ta tambaye shi hanya, ta sa aka kawo masa abin buɗe baki. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ni ce na shiga kicin na yi, na haushi ba na tausayi ba.

Malam Nasir ya sha ruwa da mu, ya tafi hannu rabbana. Na ce ya gaya maka abin da ya gani, ban sani ba ko ya iya. Ciwon kuwa ka san mai suga. Asibitin gwamnati ba wurin zuwanta ba ne ba takarda, sai wani ƙaramin mustausaf, wato asibitin kuɗi, da Taha ya san mai shi, can ake wanke mata. Har yau bai kame ba.

In da ita ce da iko da tuni an naɗe bartaman an ba shi. Ta yi ta cewa, "Ma'alesh, ya bitti, 'yata, yi haƙuri, ba shi ya kai masa, yaro ne yana neman na kansa." Yaro! Mai furfura a gemu. Ni da nake wanke ta, nake yi mata allura safe da yamma, ban taɓa zama yarinya mai neman na kanta ba. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum.

Goman ƙarshe bai shigo ba tukuna, jirage suna tashi daga Kano. Maganata tana nan inda na ajiye ta.

Yayarka, ko kana so ko ba ka so,
Khalida


Zahir, Makka
Watan Zulƙida

Mukhtaru,

Sallama irin ta addinin Musulunci, domin ita haƙƙi ce. Ina fatan kuna lafiya. An yi salla lafiya, na ga hotunanku da shadda iri ɗaya. Rim ta sauka, an samu mace, uwa da 'ya suna cikin ƙoshin lafiya. Na gode da addu'ar da ka turo ta waya.

Azumi ya wuce ba ka zo ba. Shawwal ya wuce, yanzu an rufe Umara sai bayan Hajji. Ka ce jarrabawar ɗalibai ce ta riƙe ka. Allah Ya ba ɗalibai sa'a.

Ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Wata mata 'yar Kaduna da ta saba sayen humra a nan ta turo mini hoton kwalin da kuka buga, tana tambaya wai Hajja ce ta yi ƙiba haka? Na duba. Ga Farbiti da manyan baƙaƙe, ga labarin wata kaka a Makka mai sirrin turare, ga hoton wata tsohuwa fara sol mai kumatu, da zoben hanci, tana murmushi da haƙoranta cif. Wace ce wannan, Mukhtaru? Uwar wa ka aro? Na kira ka, ranar ka ɗauka, ka ce mai zanen kwali ne ya samo ta a intanet saboda ba ka da hoton Inna na kwanan nan mai kyau, kuma ai ƙaramin abu ne, kada in mayar da shi babba.

Ƙaramin abu. Na koma na buɗe laccarka, domin na tuna akwai wurin da ka yi maganar wannan. Ka rubuta cewa malaman Kirista masu fiƙihu sun daɗe suna amfani da kalmar taka wajen auna laifi. In abin da aka taɓa ɗan kaɗan ne, kamar wanda ya ɗauki ƙwayar gyaɗa a tiren da ba nasa ba, sai su ce akwai ƙanƙantar abu a ciki, laifin bai kai babba ba. Ka ce a nan ne kalmar ta fi daɗewa tana numfashi bayan ta mutu a bakin sauran mutane. To yanzu na gane abin da ya haɗa ku jini da ita. Komai naka a wannan ma'auni kake ɗora shi. Ka fasa zuwa bana, ƙaramin abu ne, akwai baɗi. Ka turo baƙo tsohuwa ta fasa ƙwauri, ƙaramin abu ne, tsautsayi ne. Ka sa fuskar wata a madadin ta uwarka don ba ka san yadda tata ta koma ba, shi ma ƙarami ne. Ka koma ka tambayi malaman naka ko an ce in aka yi ta ɗaukar gyaɗar nan ɗaya bayan ɗaya har tire ya ƙare, har yanzu ƙarami ne.

Ban gaya wa Inna maganar hoton ba, kuma ba za ta gani ba, wannan ne kaɗai amfanin da yanar idon ta yi mana. Sunan dai na gaya mata, da nufin ta ji haushi ta goyi bayana. Ka san me ta yi? Ta sa na maimaita mata har ta iya. Ta ce me yake nufi, na ce ƙanƙanta, kuma matacciyar kalma ce. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Sahih, ai ni ƙarama ce. Yaron nan da hankali yake." Yanzu duk wadda ta shigo sai ta gaya mata ɗanta ya raɗa mata suna da Inglizi, Farbiti. Ranar ban ci abincin dare ba. Ka ci wannan, na ba ka.

Amma bartaman ba za ka ci ba. Na ɗauke shi daga ƙarƙashin gadonta na kulle a durowata, domin na lura ta fara lallaɓa baƙi tana tambayar wa zai bi ta Kano.

Garin ya fara cika. Taftish ko'ina, masu duba takardu a kowace mararraba, Inna ko ƙofar bene ba ta leƙawa. Ni na samu shugul, wato aiki, a unguwar Shisha, ina tuƙa tuwo a wani gida da aka sauki alhazan Najeriya, in fita da sassafe in dawo a gajiye. Taha zai yi aikin rabon ruwa a Muzdalifa. Na ji Hajiya Zali, gwaggon Asma, tana cikin alhazan bana. In ta zo gaishe da Inna, lale marhabin. In kuwa da wani saƙo ta zo, ka gaya mata tun yanzu kada ta wahalar da ƙafarta.

Ƙwaurin ya fara kamewa, tunda ba ka tambaya ba.

Khalida


Zahir
Bayan saukowa daga Mina

Mukhtaru,

Salamu alaikum. Lafiyarku ƙalau na sani, mai nasara ba ya ciwon kai.

Na dawo daga Shisha jiya, bayana kamar zai ɓalle, na buɗe durowa in ɗauki zane, na tarar da wurin wayam. Sai zoben mai da gindin kwalbar ya bari a katako.

Taha bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce yana kwance yana huce gajiyar Muzdalifa, Hajiya Zali ta zo, suka daɗe da Inna a ɗaki. Sai Inna ta kira shi ta ce ya kawo sukundireba ya cire ƙofar durowa. Ya ce surukarsa ce, a gaban baƙuwa, ya zai yi? An juye humrar a robobi, an naɗe kwalbar da tsofaffin zannuwa, an kai wajen masu auna kayan alhazai. Ya mayar da ƙofar ya ɗaure kamar ba a taɓa ba. Kaya sun riga sun shiga, ba a fito da su.

Ba rabi ba, Mukhtaru, duka. Ko kofi ɗaya ba a bar mini ba. Abin da Kaka ta ɗauko a kai, abin da na yi shekaru ina ƙona hannuna a kansa, abin da na yi niyyar zuba wa Rim in ta yi arba'in. Ka zauna a ofis a ƙarƙashin fanka ka aiko mace ta shigo mini gida ta bayan idona. Kada ka ce mini ba ka sani ba. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Ban yi wa Inna magana ba tun jiya. Na yi mata allura, na ba ta abinci, na fita. Ina tsoron abin da zai fito daga bakina, kuma uwa ce.

Je ka cika 'yan kwalabenka. Allah Ya isa ba zan ce ba, don nono ɗaya muka sha, amma ka sani a bakin harshena take.

Khalida


Zahir, Makka
Watan Muharram

Zuwa ga Mukhtaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da sabuwar shekara, Allah Ya sa mun shiga a sa'a. Ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Mu nan garin ya yi sako-sako, alhazai sun watse, an samu hanya.

Na ji kaya sun iso, roba ɗaya ce kawai ta ɗan yi yoyo. Na ji saƙon muryar da ka turo wa Inna kana godiya, kana cewa ƙamshin ya fito, Asma har da guɗa. Na kuma ji ƙarshensa, inda ka ce da zarar an buɗe kanti an ga yadda kasuwa ta kama, in sha Allahu za ka duba yiwuwar zuwa. Duba yiwuwar. Ko a wannan ma sai da ka nemo kalmomi masu ƙofar baya.

Hajiya Zali ta kira ni daga Kano ta rantse ba kai ka aike ta ba, gaisuwa kawai ta zo yi, Inna ce ta tsare ta. Ban yarda ba, sai da na ji daga bakin Inna da kanta. Don haka zargin aike na janye shi. Sauran duk suna nan.

Na yi kwanaki ina shiga ɗakinta ba na cewa komai sai abin da ya zama dole. Ran Juma'a ina yanke mata farce, ta riƙe mini hannu ta ce in gama fushin haka nan, ya ishe ta. Sai na fashe. Na faɗa mata duk abin da na rubuto maka da wanda ban rubuto ba. Na ce kin san don wa na kulle shi? Don ni? Don ke na yi, don ya zo ki taɓa fuskarsa kafin ɗayan idon ya tafi. Igiya ɗaya ce a hannunmu, kin kwance kin miƙa masa.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, ga maganarta yadda ta faɗa, ban ƙara ba: "Na sani, ya bitti. Tun ranar da kika ɗauke shi daga ƙarƙashin gado na sani. Amma ki yi tunani. In ya shigo ɗakin nan ya durƙusa, ina shafa kansa, idonsa yana kan durowarki, wa ya zo gani? Zan mutu ban sani ba. Ni ba a jawo mini ɗa da igiya kamar akuya. Khalas, na ba shi abinsa. Yanzu ba abin da ya rage a gidan nan sai ni."

Na ce to ni fa, da kika ba shi har da rabona? Ta ce ta zalunce ni, ta sani, in yafe mata, ba ta da wani abin da za ta auna ka da shi sai wannan. Ka ji, Mukhtaru. Gadona aka ɗauka aka yi maka jarrabawa da shi, kai mai shirya wa mutane jarrabawa. Na yafe mata a wurin, don ba zan iya kallon tsohuwa tana roƙona ba. Kai ban yafe maka ba, kuma ba ka nema ba.

Mata sun fara zuwa neman humra muna ba su haƙuri. Na haɗa sabuwa ba iri, na kai wa Inna ta shinshina, ta ce ba laifi. Ni ma na san me ba laifi take nufi. Zan ci gaba da yi, wataƙila jikar Rim ta samu abin da za ta kira tsoho.

Game da kalmarka, na daina faɗa da ita. Ka buga ta a kwali, ka buga ta a allon kanti, ka tashe ta daga kabari in za ka iya. Ba ta yi mini komai ba, kalma ce kawai da masu ita suka gaji da ita suka ajiye. Inna ma ta daina faɗa wa baƙi. Ban hana ta ba, ita ta bari da kanta tun ranar da ta ji saƙon nan naka. Sau ɗaya ta saurare shi, ta miƙo mini wayar, ba ta ce a sake sa mata ba.

An buɗe Umara. Likitan mustausaf ya ce idon hagu ba zai kai wani Ramadan ba. Ta hana ni in sake kiranka a kan zuwa, ta sa na yi mata alkawari, don haka wannan ce takarda ta ƙarshe da za ka gani daga gare ni a kan maganar. Ba ni da sauran abin kullewa, ba ni da sharaɗi. In ka zo, mun san abin da ya kawo ka. In ba ka zo ba, shi ma mun sani, kuma ita ma za ta sani, wannan ne abin da ba zan taɓa yafe wa kwalbar nan ba.

Na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta ce in gaishe ka, in gaishe da Asma da yara. Na tsaya da biro a hannu ina jira ko akwai ƙari. Ta ce shi ke nan.

Wassalam.

Yayarka,
Khalida